Gwiwar Kaleb da Ƙaho na Huɗu

A unguwar su Kaleb Kumai, a gindin dutsen Kagoro, akwai ƙungiyar masu busa ƙaho ta mutum bakwai da makaɗin ganga ɗaya. Kowane ƙaho murya ɗaya tak yake da ita. Don haka babu mai iya busa waƙa shi kaɗai. Na farko ya fitar da tasa muryar ya yi shiru, na biyu ya ɗora, na uku ya karɓa, a haka waƙar take haɗuwa, suna zagaye fili da gwiwoyi a lanƙwashe. In mutum ɗaya ya makara ko ya yi gaggawa sai waƙar ta yage, kuma duk wanda ke wurin ya san wanda ya yaga ta. Kaleb ne yake riƙe da ƙaho na huɗu, na tsakiya, tun yana saurayi. A bara ya kusa rasa shi, kuma gwiwarsa ta hagu ce sanadi.

Na same shi a gida cikin watan Janairu, zaune a kan benci yana tsaga citta da ƙaramar wuƙa, matarsa Yemima tana kwashe wadda ya tsaga tana kaiwa shanya. Gajere ne kakkaura, ya haura sittin, yana da yawan dariya da kuma son a bar shi ya gama magana. Yemima ba ta cika barin sa ba. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga bakin su biyun na ji shi, sauran kuma daga 'yarsu da abokan busarsa.

A wannan unguwar aka haife shi. Mahaifinsa manomin acha da dawa ne a gangaren dutse. Kaleb ya yi firamare a makarantar mishan, da ya gama sai ya sauka Kafanchan ya shiga aikin layin dogo a matsayin lebura. Aikinsu shi ne bin layi suna canza katakon da ya ruɓe, suna ɗaure ƙarfe, suna gyara tsakuwa. Ya ce rabin ranar mutum a durƙushe take ƙarewa, sauran rabin kuma da kaya a kafaɗa. Da jiragen suka yi ƙaranci sai ya komo gida ya kama noman citta, wadda ita ma ba ta tausayin gwiwa: a sunkuye ake shuka ta, a hau dutse a yanko ganyen rufe ta, a sunkuye kuma ake tonon ta. Da ita ya aurar da ƙannensa, da ita ya karantar da 'ya'yansa. Babbarsu, Emilia, malamar makaranta ce a Kafanchan.

Ƙahon kuwa na gwanki ne, ya yi baƙi saboda daɗewa a hannu. Wurin ƙanin mahaifinsa ya gaje shi. A zamanin tsohon, dattawan coci ba sa son jin busar, suna ganin kayan da ne. Yanzu fasto da kansa yake aiko musu in za a yi godiyar kaka. Suna zuwa biki, suna raka gawar tsoho in ya cika da shekaru, amma babbar ranarsu ita ce ɗaya ga Janairu, ranar bikin Afan, lokacin da ƙungiyoyi daga unguwanni da ƙauyuka suke haɗuwa a Kagoro kowa ya nuna nasa.

Na tambaye shi yadda yake sanin lokacin da zai busa a cikin mutum bakwai.

Ya ce, "Ni ba na ƙirga komai. Ƙafan hagu ya sauka, ƙaho ya yi magana. Haka Baba ƙarami ya koya mini. Ko barci nake yi, ka taka mini ƙafan hagu zan busa."

Yemima ta ce, "Wannan kam na shaida."

Ciwon gwiwar ya daɗe yana tafe. Da farko in ya tashi da safe sai ta ƙage, sai ya ɗan yi tafiya ta sake. Daga baya ta fara ƙara in zai zauna, da damina kuma ta kumbura. Babu abin da ba a gwada ba. Yemima ta gasa ta da ruwan zafi, ta daka citta ta ɗaure masa, an shafa man zafi iri-iri. Ya sha ƙwayoyin kemis har suka fara ƙona masa ciki ya bari. Duk da haka bai taɓa fashin busa ba. Yana shiga da'ira yana jan ƙafar, yana cije baki, a gama a tashi.

A daminar bara aka gayyace su wani biki ta wajen Zangon Kataf. Ana tsakiyar zagaye gwiwar ta ƙi ɗaukarsa. Ya fita daga da'ira ya zauna a ƙasa a gaban baƙi, waƙar ta ci gaba da giɓi a tsakiya har makaɗi ya tsayar da ita.

Makaɗin shi ne Meshak, shugaban ƙungiyar, abokin Kaleb tun na yarinta. Bayan kwana biyu ya zo gidan, ya sha kunu, ya yi zancen taki da na ruwan sama, sannan ya kai ga abin da ya kawo shi. Da yarensu ya yi maganar, Kaleb ya maimaita mini da Hausa.

"Ya ce mini, Kaleb, ni da kai ba za mu ruɗi juna ba. Filin Afan ba tsakar gida ba ne. In za ka iya zagaye shi, ƙahonka ne. In ba za ka iya ba, ka miƙa wa Dickson tun kafin ranan, kada mu je mu ji kunya a gaban mutane."

Dickson ɗan ƙanin Kaleb ne, magidanci mai 'ya'ya, makanikin babura a bakin titi. Ya daɗe yana bin ƙungiyar, yana riƙe wa duk wanda bai zo ba. A al'adar ƙungiyar, in mutum ya miƙa ƙaho da hannunsa ba ya komawa gare shi, ko da ya warke daga baya. Kaleb ya san wannan, domin haka ya karɓa daga hannun tsohon.

Emilia ce ta ce a daina gasa gwiwa a je asibiti. Ta sa aka kawo shi Kafanchan, suka ga wata likitar ƙashi, Dokta Doreen, 'yar yankin ce ita ma. Ta sa aka ɗauki hoton gwiwar, ta lanƙwasa ta, ta danna nan ta danna can, sannan ta ɗaga hoton ta nuna masa.

Ta ce, "Baba, ka ga nan? Tsakanin ƙashin sama da na ƙasa akwai guringuntsi, shi yake hana su gogar juna. Naka ya cinye ta gefen ciki. Shi ya sa take kumbura, take tara ruwa."

Ta ce masa maganin ƙarshe shi ne aiki, a canza gaɓar, amma bai kai nan ba tukuna. Akwai allurai da ake yi a cikin gwiwar kanta. Ta farko maganin kashe kumburi ne mai ƙarfi, wanda likitoci ke kira sitiroyid. Tana aiki da wuri, amma sauƙinta na makonni ne, in an dace 'yan watanni, kuma ba a yawaita ta, domin yawanta na iya ƙara cinye guringuntsin. Ta biyu wani ruwa ne mai yauƙi, irin wanda lafiyayyiyar gwiwa take da shi. Tana da tsada, wasu suna jin daɗinta, wasu ba sa ganin bambanci. Ta uku kuma jinin mutum ake ɗiba a juya shi a na'ura, a tace wani sashe a mayar cikin gwiwar. Ba sa yin ta a asibitinsu, kuma likitoci ba su gama daidaita baki a kan amfaninta ba.

Kaleb ya saurara har ta gama, ya ce, "To 'yata, wanne zai mayar da ni kamar da?"

"Babu ko ɗaya, Baba."

"To wanne zai kai ni ɗaya ga Janairu?"

Emilia ta ce likitar ta yi dariya har ta ajiye biro. Da aka yi mata bayanin ƙahon sai ta ce ta fahimta, ita ma ba ta fashin Afan. Ta sa aka auna masa suga, domin irin wannan allurar tana ɗaga sugan mai ciwon na ɗan lokaci, aka ga ba shi da shi. Suka tsayar da cewa ta farkon za a yi, kuma a bari sai ƙarshen Nuwamba, don ƙarfinta ya haɗa da kwanakin gwaji da ranar bikin. Kafin nan ta koya masa motsa jiki na ƙarfafa cinya: ya zauna ya miƙe ƙafar, ya riƙe ta a sama, ya sauke a hankali. Ta ce allura kumburi take kwantarwa, amma cinya ce take ɗaukar mutum.

Ranar allurar Yemima ce ta raka shi. An wanke gwiwar da magani, aka soka allura ta gefe, aka fara zuƙe ruwan da ya taru, rawaya-rawaya, sannan aka tura maganin. Kaleb ya ce bai ji komai ba. Yemima ta ce ya kira sunan Yesu da ƙarfi har wata nas ta leƙo daga ɗakin kusa.

Likitar ta ba su ka'idoji. Ya huta kwana biyu, babu gona, babu hawan dutse. Kada a gasa wurin da ruwan zafi. Tana iya ƙara ciwo a ranar farko, wannan ba komai ba ne, amma in ta yi ja, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, su dawo nan take. Yemima ta ɗauki ka'idojin kamar umarnin coci. Ta ɓoye fartanya, ta ɓoye takalmin gona, ta zaunar da shi a inuwa yana tsince wake. Mata biyu daga Zumuntar Mata ta coci suka zo dubiya da tukunyar ruwan zafi da tsumma, ta karɓi ruwan ta dama musu shayi da shi.

Kafin mako ya zagayo kumburin ya sauka. Ranar Lahadi ya tafi sujada babu sanda, ya tashi tsaye a duk waƙoƙin, har fasto ya ambace shi a sanarwa. Da aka fito sai ya tsaya a ƙofar coci yana tsugunawa yana miƙewa don masu tambaya su gani, sai da Yemima ta ja shi gida.

Gwajin ƙungiyar a kan wani faffaɗan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ake yin sa, inda mata ke shanya citta, da yamma in an kwashe shanya. Mata da yara kan zo su zauna a gefe, in kiɗa ya yi daɗi matan su shiga bayan masu busa su taka. Ranar farko Kaleb ya riga kowa zuwa. Meshak ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai, ango! An ce maka sabon ƙafa aka sa?"

"Tsohon ne, aka yi masa sabis. Ka buga ganga ka gani."

Meshak ya buga. Ƙaho na farko ya yi magana, na biyu ya ɗora. Silvanus, mai ƙaho na uku, tsohon hedimasta ne mai ritaya, yana buɗe baki ke nan sai ga Kaleb ya faɗo a kansa. Muryoyin biyu suka haɗu suka yi wani ƙara kamar akuya ta maƙale a danga. Na biyar ya jira inda ya saba shiga, ya ji wurin fanko, ya rikice. Waƙar ta watse.

Silvanus ya sauke ƙaho ya ce, "Kaleb, ina za ka? Mota za ka kama?"

"Ni a wurina na shiga. Kai ne ka yi latti."

"Ni? Na taɓa latti a duniyan nan? Tambayi yaran da na koyar."

Aka sake. Abin da ya faru shi ya sake faruwa. Aka sake har rana ta faɗi, babu zagaye ɗaya da ya kai ƙarshe. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo. Kaleb ya gwada jinkirta busar, amma da ƙafar ta taɓa ƙasa sai iskar ta fita da kanta. In ya matsa wa kansa ya riƙe, sai ya wuce wurin gaba ɗaya ya faɗa kan na biyar.

Dariyar ranar farko ta ragu. Mutanen unguwa suka fara cewa allurar ta taɓa masa kunne. Wata tsohuwa ta ce dama ta faɗa, abin da aka zuƙe daga gwiwar nan ba ruwa ba ne kawai. Meshak ya ja Kaleb gefe.

"Abokina, ban gane ba. Da ƙafanka yana ciwo, kana daidai. Yanzu ya warke, ka lalace. Maganan da na yi maka yana nan. Ni waƙa nake so ya tsaya ranan nan, ko da kai ko da Dickson."

Kaleb ya ce a duk tsawon ciwon bai taɓa jin abin da ya ji a ranar ba. Da gwiwa ce ta kayar da shi, da ya miƙa ƙahon ya ce nufin Ubangiji ne. Amma ga shi tsaye garau, kuma za a karɓe. Ya koma gida ya ƙi cin fate, abin da Yemima ta ce bai taɓa faruwa ba tun da ta aure shi.

A gwaji na gaba, da waƙar ta sake watsewa aka fara musu, sai Yemima ta taso daga cikin mata ta tsaya a bakin da'ira. Mata ba su saba sa baki a maganar busa ba, don haka kowa ya juyo yana kallon ta.

Ta ce, "Baban Binta, in yi magana?" Haka take kiran Meshak, da sunan 'yarsa ta fari.

"Yi, Maman Emilia."

"Mijina bai yi sauri ba. Ku ne kuka yi sanyi. Waƙan nan da muna amare, in mun taka shi sai mun jiƙe sharkaf, ɗankwali yana faɗuwa. Yanzu muna rawa muna hiran kuɗin taki. Afiniki har gyaɗa take ɓarewa a ciki. Mu mata mun daɗe da sani, mun ɗauka kun sani."

Silvanus ya ce wannan ba gaskiya ba ne, yadda suka gaji waƙar haka suke busa ta. Matan suka yi masa ca. Meshak ya zauna yana kallon gangarsa. Can sai ya ce a sake, shi zai lura da kansa. Aka fara, bai kai ko'ina ba ya tsaya ya dafe kai.

"Kai! Ashe ƙafan Kaleb nake kallo."

Abin da ya gano shi ne, da yake Kaleb ne a tsakiyar layi, idon makaɗi a kansa yake sauka. Da gwiwar ta fara nauyi, ƙafar hagu tana ɗan makara kafin ta sauka, sai hannun Meshak ya riƙa jiran ta ba tare da ya sani ba. Silvanus ya ja tasa muryar ta cike wurin, na biyar ya matsa baya. Ciwon a hankali ya yi ta ƙaruwa shekara da shekaru, jinkirin ma a hankali, don haka babu ranar da wani ya ji an canza. Yanzu allura ta mayar da ƙafar lokacinta na da a cikin mako guda, ta bar sauran a inda suka saba.

Ana cikin wannan sai Dickson ya ce, "To Baba, jan ƙafan hagu ɗin fa? Ba haka ake takun ba?"

Kaleb ya ce, "Wane ja?"

Dickson ya shiga fili ya taka. Dama, sannan ya ɗan karkata ya jawo hagu a ƙasa kafin ya dire ta. Samari biyu da suka shiga ƙungiyar a 'yan shekarun nan suka bi bayansa, su ma haka, sak. Sun ce sun ɗauka salon unguwarsu ne. Ɗayansu ya ce har a wani biki ya gyara wa wani baƙo da ya shiga rawar yana taka ƙafa biyu daidai, ya ce masa ba haka kakanninmu suke yi ba.

Yemima ta ce dariyar da aka yi a kan fan nan sai da mutane suka fito daga gidaje. Kaleb kansa ya zauna a ƙasa yana share hawaye, yana cewa, "Ɗingishina ne! Ɗingishina kuka maida al'ada!"

Da aka natsu sai aka ce to a koma yadda ake yi da. Meshak ya ɗaga kiɗan. Kaleb ya shiga daidai, fuskarsa kamar ta yaro. Amma ba a yi nisa ba Silvanus ya fita yana haki, dafe da ƙugu. Mai ƙaho na shida ya ce numfashinsa ba ya kaiwa. Samarin kuwa ba su taɓa jin waƙar da wannan saurin ba, suka ɓace gaba ɗaya. Meshak ma ya yarfe hannu ya ce kafaɗarsa ta tuna masa shekarunsa.

Ya ce, "To ga gaskiya. Mu tsofaffi ba za mu koma samari kafin Janairu ba. Kuma allura ɗin, ka ce likita ya ce zai sake ka bayan wata nawa. In mun koma gudu, ya sake ka, mu sake komawa? Waƙa zai tsaya inda yake. Kai ne za ka zo ka same mu."

Wato dai Kaleb ya koyi dire ƙafa a makare, da ƙafar da ba ta ciwo. Ya gwada a wurin, abin ya ƙi. Jikinsa ya san ɗingishin lokacin da zafi ke tilasta shi, amma da gangan bai san yadda yake yi ba, domin bai taɓa ganin kansa ba. Wanda ya san shi ciki da waje shi ne Dickson, wanda ya yi shekara da shekaru yana kwaikwayonsa daga baya. Kuma Dickson ne zai karɓi ƙahon in abin ya gagara.

Na je garejinsa na tambaye shi ko bai yi tunanin ya yi shiru ba. Yana kwance sarkar wani babur, bai ɗago ba ya ce, "Ƙahon ba gudu zai yi ba. Ni ina so in karɓa ranan da Baba ya gaji da kansa. Ban da haka ma, Mama za ta bar ni in shiga gidan?"

Haka aka yi ta yi har Kirsimeti ta wuce. Kullum in Dickson ya rufe gareji sai ya zo tsakar gidan, ya shiga gaba, tsohon yana bin sa a baya da ƙaho.

"A'a Baba, ka yi sauri. Ka karkata tukuna. Jawo shi. Yawwa, yanzu dire."

"Haka nake yi da?"

"Har ka fi haka. Kana ɗan ɓata fuska ma."

"Fuskan ba dole ba ne."

Yemima tana bakin murhu tana kallon su. Ta ce ta faɗa masa, "Baban Emilia, mun kai ka Kafanchan an gyara ƙafa, ka dawo gida ka ɗauki malamin ɗingishi." A gwajin ƙarshe waƙar ta zagaya fan daga farko har ƙarshe ba ta yage ba. Meshak bai yanke hukunci ba, ya ce sai an ga fili.

Ranar ɗaya ga Janairu Kagoro ta cika, motoci da babura har bakin hanya, 'yan gari da ke aiki a Kaduna da Abuja duk sun dawo. Ƙungiyar su Kaleb ta jira layinta a rana, da aka kira su suka shiga. Filin yana da faɗi, ga jama'a ta ko'ina suna ihu, mutum ba ya jin na kusa da shi sosai. A nan ne Kaleb ya ce ya ji tsoro, domin in ya ji daɗin kiɗa ƙafar tana son ta koma halinta. Sau ɗaya ta kusa kufce masa, a daidai gaban rumfar manyan baƙi, ya ga Silvanus ya harare shi ta gefen ƙaho, ya jawo ƙafar. Suka zagaye filin suka fita ta inda suka shiga, matan unguwa na biye da su suna guɗa.

Suna fita, Kaleb bai ko sha ruwa ba, sai ga Dokta Doreen ta kutso cikin mutane, da atamfar biki da jaka a hannu, ranta a ɓace.

"Baba! Tun daga rumfa nake kallon ka. Allurar ba ta karɓe ka ba? Me ya sa ba ka dawo ba? Tun yaushe take ciwo?"

Kaleb ya fara miƙa wa Dickson ƙahon, ya tuna al'adar ƙungiyar, ya fizge abinsa da sauri ya ba Yemima ta riƙe. Sannan ya gyara tsayuwa ya yi tafiya a gabanta, ya je ya dawo, ƙafa biyu daidai kamar ɗan sanda a fareti.

Likitar ta dube shi, ta dubi samarin da ke tsaye, ta ce, "To waɗannan fa? Su ma na ga suna ja. Duk gwiwa ce?"

Yemima ce ta ba ta labarin, Silvanus yana gyara mata inda yake ganin ta ƙara gishiri. Likitar ta yi dariya har ta jingina da wata mota. Da ta huce ta ce tafiyar a hankali ta fi wa gwiwar alheri a kan gudun, amma ya bar ɗingishin a fili, kada ya kai shi gida ya saba, kuma kada ya murɗa ƙafar in yana jawo ta. Ta tuna masa cewa maganin zai sake shi, wataƙila kafin shukar citta, kuma in ta fara kumbura ya zo su duba, kada ya ce lallai sai an sake allura. Ta tambaye shi motsa cinyar, ya ce kullum yana yi. Yemima ta ce wani lokaci.

Meshak yana gefe yana sassauta igiyar ganga. Kaleb ya je ya tsaya a kansa.

"To, shugaba?"

Meshak bai ɗago ba. Ya ce, "Akwai biki a Zangon Kataf ƙarshen wata, gidan da ka zauna musu a ƙasa. Ƙanwan amaryan ne za ta yi aure. Ka zo da wuri, motan ba ya jira."